Gashin da ƙarfe ya ci: wanne ake gyarawa, wanne sai almakashi?

Wata ƴar'uwa daga unguwar Talaje a Yamai ta yi tambaya kamar haka: "Shekara huɗu ke nan ban sa wa gashina man saki ba. Cikin wata biyu an miƙar mini da shi da ƙarfe sau uku a salon, saboda bikin ƙanwata da kuma Salla. Yanzu na wanke, na ƙeya ya koma murɗewarsa, amma na goshi da na tsakiyar kai ya tsaya a miƙe kamar zare. In ya jiƙe yana ƙauri, kuma yana karyewa a mataji. Zai dawo kuwa? Me zan shafa?"

Sannu, ƴar'uwa. Renon gashi na shekara huɗu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ganin sa haka akwai ciwo. Zan fara da maganar da ba ta da daɗi, don kada masu tallar mai su cinye miki kuɗi a banza: silin gashin da wuta ta dafa ba ya warkewa. Ran gashi a saiwarsa yake, can cikin fatar kai. Abin da ya fito waje ba jini a cikinsa, ba ya gina kansa kamar yadda fata ke haɗewa bayan rauni. Sai dai ba duk gashin da ya ƙi murɗewa bayan ƙarfe ba ne ya dahu. Wani bushewa ce kawai da tarin mai da ya danne shi, kuma wannan yana dawowa. Aikinki na farko shi ne ki gane wanne ne a kanki.

Kowane sili yana da ɓawo a waje, ƴan ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar jinkar ɗaki, suna kallon bakin gashi. A ciki kuma akwai jikin gashin, wanda aka gina da wani furotin, wato sinadarin gina jiki, mai suna keratin, a murɗe kamar igiyar kaba. Ɗauri iri biyu ne ke riƙe da siffarsa. Akwai mai rauni, wanda ruwa ko zafi ke kwancewa ya sake ɗaurewa. Da shi ƙarfe ke aiki, yana kore ruwan da ke cikin sili, ɗaurin ya kama a miƙe, ranar da aka wanke kuma ya koma yadda Allah ya yi shi. Akwai kuma mai ƙarfi, na sinadarin kibiritu, wanda ruwa ba ya taɓawa. Idan zafi ya wuce kima, keratin ɗin kansa ne ke rushewa, kamar farin ƙwai da ya shiga kasko, ɗaurin mai ƙarfi ma ya fara tsinkewa. Ƙaurin da kike ji in gashin ya jiƙe, irin wanda ke tashi ne ranar Layya in ana babbakar kan rago, kuma dalilinsu ɗaya: keratin da ya ƙone ya saki warin kibiritu.

Gwaje-gwaje sun nuna busasshen gashi keratin ɗinsa na rushewa ne wajajen digiri 230 a ma'aunin zafi na Celsius da muke amfani da shi, amma jiƙaƙƙe tun wajajen digiri 150. Ki duba wannan tazarar da kyau, don a nan yawancin ɓarnar salon take. Ranar biki mata sun yi layi, mai gyara tana sauri, gashi bai gama bushewa ba aka ɗora masa ƙarfe. Ruwan da ke cikin sili ya tafasa, tururin ya rasa hanyar fita, ya buɗa ƴan kumfa a cikin gashin. Duk inda kumfar nan take, nan zai karye. Idan kin ji ƙarfe ya yi "cuu" a kanki, ba aiki yake yi ba, suya yake yi. Haka nan in an lafta man kaɗe ko man gyaɗa kafin a ja ƙarfen.

Gashinmu kuma ya fi na wasu saurin jin jiki. Silinsa ba zagayayye ba ne, a ɗan shimfiɗe yake, kuma duk wurin da ya lanƙwasa ya fi rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin waɗannan kwanoni ya kai baki, shi ya sa bakin gashinmu kullum a bushe. Na goshi ya fi siriri, kuma shi ake ta maimaita wa ƙarfe saboda shi ido ke gani. Na ƙeya sau ɗaya aka ja aka wuce. Abin da kika gani a kanki ke nan.

Yanzu ga yadda za ki tantance. Ki wanke kan sau biyu a zama ɗaya da shamfu mai wanke maiƙo sosai, wanda za ki ga an rubuta "clarifiant" a jikinsa, ko kowane mai kumfa da ke da "sulfate" a jerin sinadaransa. Wannan karon kawai ake son mai ƙarfi, don ya cire man kariya daga zafi da silikon (sinadarin santsi da ke cikin mayukan gashi) da suka taru. Ki bi shi da man laushi mai kauri, wanda ake rubuta wa "masque", ki rufe da leda minti 30, ki ɗauraye. Kada ki shafa komai, ki tsaya gaban madubi da gashin a jiƙe. Wanda ya fara lanƙwasa, ko da kaɗan ne, akwai sa ran zai dawo. Ki maimaita wanki da man laushi mako-mako, da shamfu mai sauƙi, har sau huɗu zuwa shida. Duk wanda ya cika mako shida yana nan a miƙe alhali maƙwabtansa sun murɗe, ya tafi ke nan, kada ki ƙara jiransa.

Ki kuma ɗauki sili ɗaya da ya faɗo, ki jiƙa shi, ki ja a hankali tsakanin yatsu. Lafiyayye yakan miƙe wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya dawo. In ya tsinke nan take, ya bushe ne ƙwarai. In ya yi ta jawuwa kamar cingam bai dawo ba, cikinsa ya lalace, yana bukatar abin da zai ƙarfafa shi. Ki ɗaga wasu sili a hasken rana: ɗigo-ɗigon fari a jikinsu wurare ne da suka fashe suna jiran karyewa. Gwajin nan da ake yaɗawa na jefa gashi a kofin ruwa a ga ko zai nutse, ki rabu da shi. Ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya sa kowane gashi ya yi iyo.

Akwai wani abu da ya kamata ki duba a cikin abin da mataji ke kwasowa. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindinsa zubewa ya yi daga saiwa, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. In ta yi yawa, sau da yawa ƙarancin jini ne, ko haihuwa da ta yi wata biyu zuwa huɗu, ko zazzaɓi mai tsanani da aka yi a baya. Guntaye marasa farin kai su ne karyewa, su ne aikin ƙarfe.

To, me ake nufi da gyara? Faci ne. Ana cike ramukan ɓawo, a sa santsi, a hana abin da ya rage karyewa, har sabon gashi ya fito ya maye gurbinsa. Facin yana da amfani sosai, amma yana fita da wanki, sai an riƙa sabuntawa.

Kafin kowane wanki, ki shafa man kwakwa cokali babba ɗaya ko biyu a busasshen gashi, ki fi ba baki ƙarfi, ki bar shi awa guda ko ya kwana. Ban zaɓi man kwakwa don yayi ba. Yana cikin ƴan man da ke ratsa sili su shiga ciki, kuma wani bincike da aka yi a Indiya a 2003 ya nuna yana rage zubewar furotin daga gashi lokacin wanki, abin da man sunfulawa da man ma'adinai ba su yi ba. Gashin da ɓawonsa ya buɗe yana shan ruwa da yawa ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma wannan kumburi da motsewa na ƙara tsaga shi. Man kwakwa na rage shan ruwan. Da hunturu yakan daskare ya sa wasu gashi tauri. In naki haka ne, ki gauraya shi rabi da rabi da man zaitun ko man aduwa.

Wajen wanki, ki raba kan gida huɗu ko shida, ki kama kowanne da sako-sakon kalaba, ki wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai ɗumi kaɗan. Fatar kai ake cuɗawa da tafin yatsu, kumfar da ta gangaro ta ishi jikin gashin. Sabulun wanki na sanda da sabulun salo da duk abin da aka sa wa kanwa, ki ajiye su tukuna. Gashi ya fi son abu mai ɗan tsami-tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nuna tsami, babba kuma ɓangaren kanwa, sabulu kuwa yana kai 9 zuwa 10, yana ɗaga ɓawon da ke neman kwanciya. Idan ruwanku na rijiya ne mai zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa sosai a ciki, ki zuba ruwan khal cokali babba ɗaya a rabin lita na ruwa ki yi ɗaurayar ƙarshe da shi, sau ɗaya a mako biyu.

Karkashi kuwa, iyayenmu ba su yi kuskure ba. Yauƙinsa na sa sili su zame wa juna, kuma gashin da ya ƙone ba abin da yake bukata lokacin taza kamar santsi. Ki jiƙa busasshen ganyen cokali babba biyu ko uku a rabin lita na ruwan zafi, minti 15 zuwa 20, ki tace da rariya mai laushi ko tsumma mai tsabta. Kada ki sa kanwa kamar za ki yi miya. Ki zuba a jiƙaƙƙen gashi, ki warware da yatsu tukuna, sannan mataji mai faɗin haƙora, daga baki kina hawa zuwa gindi. A ranar za ki yi amfani da shi, don a zafin Yamai ba ya kwana. Dafaffen ruwan kuɓewa ma yana yin wannan aikin. Abin da ba su yi shi ne ƙarfafa cikin sili.

Wannan aikin na furotin ne, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Ƙwai da madara da mayonez da ake kwaɓawa a gida suna sa gashi laushi saboda maiƙonsu, amma furotin ɗinsu ya yi girma, ba ya maƙalewa yadda ya kamata, ruwa ke tafiya da shi. Wanda ke aiki shi ne wanda aka farfasa ƙanana. Ki juya bayan kwalba, ko a farmasi ko a shagunan kayan kwalliya na Babbar Kasuwa da Wadata, ki nemi kalmar "hydrolyzed" tare da "keratin" ko "wheat protein" ko "silk", kuma ta kasance a sama-saman jerin, ba can ƙarshe ba. Ki sa sau ɗaya a mako uku zuwa huɗu, ki bi mintunan da aka rubuta, sannan dole ki bi shi da man laushi. In kin ji gashin ya yi tauri kamar tsintsiya yana ƙaras-ƙaras, ya yi yawa, ki tsaya wata guda ko fiye. Akwai kuma masu tsada irin su Olaplex da K18, waɗanda masu su ke cewa suna haɗa ɗaurin da ya tsinke. Suna iya rage karyewa, amma kada ki saya da niyyar za su dawo da murɗewar gashin da ya dahu, kuma jabunsu ya yi yawa. In kuɗin na ɗaya ne, man laushi mai kyau ya fi cancanta da shi.

Bayan wanki, ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, ban da gurzawa da tawul. Tun yana da danshi ki shafa man laushi na bari-a-kai, wanda ake rubuta wa "sans rinçage", sannan ki murza man kaɗe kamar girman ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, ki shafe kowane gida. Tsarin nan yana da dalili. Man kaɗe ba ya jiƙa gashi, murfi ne da ke tsare ruwan da ya riga ya shiga. Wadda ke lafta shi a busasshen gashi kullum za ta samu kai mai maiƙo, mai kama ƙura, kuma a bushe. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke tsotse danshi daga komai, ki fesa ɗan ruwa duk kwana biyu ki sake rufewa da mai kaɗan. Giliserin zalla a wannan lokaci ba ya taimako sosai, tunda ba danshi a iska da zai jawo. Ki sa hular satin ko siliki a ƙarƙashin kallabi da lokacin barci, don atamfa da auduga suna shan mai kuma suna gogar goshi, daidai wurin da ya fi rauni a kanki.

Abubuwa uku nake roƙonki ki guje musu. Na farko, sake jan ƙarfe don sauran gashin ya yi daidai da wanda ya miƙe. Haka ake rasa kan gaba ɗaya. Na biyu, man saki. Sinadarinsa yana kai 12 zuwa sama a ma'aunin pH, aikinsa tsinka ɗaurin nan mai ƙarfi, kuma a kan gashin da wuta ta riga ta raunana sai dai ki ga yana bin ruwa. Na uku, gyaran nan da ake kira na Barazil ko na keratin, da za a ce miki magani ne. Da ƙarfe mai zafi ƙwarai ake kama shi, kuma da yawansu na fitar da wani sinadari mai guba da ake shaƙa, mai suna formaldehyde, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004. Lalle kuma ki jinkirta shi: yana kama jikin sili ya ƙara masa kauri, amma yana busarwa, kuma yakan ƙara sassauta murɗewa. Garin shebe na Cadi yana rage karyewa saboda man da ake haɗa shi da shi da kuma barin gashi a kitse. A jikin gashi ake sa shi, ba a fatar kai ba, kuma ba ya gyara ƙuna.

Saura almakashi. Gashi na tsiro wajen santimita 1 a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka, wato santimita 10 zuwa 12 a shekara in an yi sa'a. Idan abin da ya ƙone ya kai santimita 15, kina maganar shekara ɗaya da rabi kafin sabo ya kai wannan tsawon. Hanya biyu ce. Ko ki yanke mataccen gaba ɗaya yau, ki huta. Ko ki riƙa rage santimita 1 zuwa 2 duk wata biyu. Tunda na goshi da na tsakiya ne kawai suka taɓu, ta biyun ta fi dacewa da ke, sai fa bakin da ya riga ya tsage ko mai farin ɗigo, wannan a cire shi yanzu, don tsagar tana hawa sama. A yanke da almakashin gashi mai kaifi wanda ba a yanka yadi ko takarda da shi, a kuma yanke gashin yana jiƙe da man laushi, lokacin da iyakar murɗaɗɗe da miƙaƙƙe ta fito fili. Wannan iyakar ita ce wuri mafi rauni a duk silin, a nan yake karyewa in an taje shi a bushe.

Kafin nan, kitso ne abokinki, amma da sharaɗi. Manyan kalaba ko kitson hannu da gashinki kaɗai, mako biyu zuwa uku a tsefe. Ki ce wa makitsiya, "Don Allah Yaya, a sassauta hannu a goshi, a bar ƙananan nan." In kin tashi daga kitso kina jin fatar goshi ta ɗaure, ko ƙuraje sun fito a gindin kitson, ya yi tsauri, a kwance shi ko da an biya. Meshi mai nauyi a kan gashin da ya ƙone yana tsinke shi daga wannan iyakar da na faɗa. In kina son fita da gashin a sake, ki yi ƙananan murɗe bibbiyu yana da danshi, ya kwana ya bushe, ki warware da safe. Miƙaƙƙen zai ɗauki siffar sauran har zuwa wanki na gaba.

Wani abin ba na mai ba ne, na likita ne. Idan tsakiyar kanki na zafi ko ƙaiƙayi ko tsikari, ko kin ga gashin wurin yana raguwa fatar tana sheƙi, ki je sashen fata na babbar likitar ƙasa ta Yamai ko wurin kowane likitan fata, kada ki jira. Akwai wani sanƙo da ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa, ya fi kama mata baƙaƙen fata. Likitoci a Amurka sun bayyana shi a 1968 suka danganta shi da matajin ƙarfe mai zafi, daga baya aka gane har da gado a ciki. Yana kashe saiwa ya bar tabo, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa, amma in an tare shi da wuri ana tsayar da shi. Ƙunar fata daga ƙarfe kuma, a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki ko man shanu.

Na san wani bikin zai zo, kuma za ki so gashi a miƙe. Ki ba kanki aƙalla wata shida babu ƙarfe. Bayan nan, ki fara gwada ɗaurin zare: a raba gashi mai ɗan danshi, a naɗe kowane kashi da zare daga gindi zuwa baki ba tare da an ja fata ba, ya kwana ɗaya ko biyu. Yana miƙar da gashi sosai babu wuta ko kaɗan. In kuma sai ƙarfen, to gashi ya zama wankakke, ya bushe ƙarau. Na'urar busarwa a matsakaicin zafi, nesa da kai kamar santimita 15, hannu yana yawo ba ya tsayawa wuri ɗaya. A fesa man kariya daga zafi, wanda ke da "dimethicone" ko "amodimethicone", a bar shi ya bushe. Yana rage ɓarna ne, ba ya hana ta. Zafin ƙarfe digiri 150 ga siririn gashi da na goshi, 160 zuwa 180 ga mai kauri, kada ya wuce haka. A ɗauki kashi siriri, a ja sau ɗaya ba tsayawa, in ya ƙi a ƙara sau ɗaya, shi ke nan.

Ki duba lambar da ke jikin ƙarfen da idonki. Wasu da ma'aunin Amurka suke: 300 a wurinsu wajen 150 ne namu, 350 wajen 177, 450 kuwa 232, daidai inda keratin ke rushewa. Ƙarfen da ba shi da wurin rage zafi, kada a ɗora miki shi. Wanda aka kawo tsaraba daga Amurka kuma a karanta jikinsa, don in na wuta 110 ne kaɗai, wutarmu ta 220 za ta sa shi zafin da ya wuce lambar da yake nunawa, ko ta ƙone shi. Matajin ƙarfe na kan garwashi ba shi da lamba ko ɗaya, don haka a fara goga shi a farar takarda ko farin tsumma. In ya bar alamar ja ko ruwan ƙasa, a ajiye shi ya huce tukuna.